Wa ke bin kadin dukiyar manyan da ba sa iya yanke wa kansu shawara?

Akwai tambayar da ke hana iyaye da yawa barci a ƙasar nan, ko da yake ba kasafai ake yin ta a bainar jama'a ba. Uba ne ya haura shekara 70, ƙarfi ya fara tafiya, ga shi da ɗa mai shekara 35 da aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa, bai san canjin naira dubu ba, ba ya iya zuwa asibiti shi kaɗai. Ko kuma uwa ce da 'yarta ta gamu da taɓin hankali bayan haihuwa, auren ya mutu, ta dawo gabanta. Ranar da ta Allah ta kasance a kan iyayen, wa zai riƙi waɗannan bayin Allah, wa kuma zai tsare musu rabonsu?

Amsar da aka saba bayarwa ita ce ai suna da 'yan uwa. Haka ne, kuma 'yan uwan sun cancanci yabo. Kusan duk babban da ba ya iya tafiyar da al'amuransa a Najeriya a hannun dangi yake. Su ne ci da shansa, su ne wanka da wanki, su ne kuɗin magani, ba tare da gwamnati ta san ma da zamansu ba. Akwai matan da suka haƙura da aure ko karatu saboda jinyar wa ko ƙane.

Sai dai duk wannan tsari a kan halin mutum ɗaya ya dogara. In an dace da mai tsoron Allah, an huta. In ba a dace ba, babu takarda, babu shaida, babu wanda zai zo bayan shekara ya ce ina gonar wane, nawa aka samu a hayar shagonsa, me ya sa ya rame haka.

Ya kamata tun farko a fayyace waɗanda ake magana a kansu, domin a nan ake yawan tafka kuskure. Mai lalurar gani ko ji ko ƙafa ba ya cikin wannan lissafi. Hankalinsa garau yake, kuma duk wanda ya karɓe masa dukiya da sunan taimako ƙwace ya yi. Haka ma mafi yawan masu fama da ciwon damuwa ko farfaɗiya ko wata lalurar ƙwaƙwalwa da magani ke riƙewa, suna zuwa aikinsu, suna riƙe da iyalansu.

Maganar ta shafi waɗanda lalura ta kai su matakin da ba sa fahimtar abin da za su sa wa hannu, ba sa iya auna abin da zai biyo baya. A cikinsu akwai wanda aka haifa da naƙasar fahimta mai tsanani, da wanda taɓin hankali ya yi wa mugun kamu, da ɗan acaɓan da ya bugu a ka bai dawo daidai ba, da ma'aikacin da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa magana da tunani, da tsohon da gigin tsufa ya sa ba ya gane 'ya'yansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa a duniya, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 nasu suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki ne. Wato duk mai rai da ke fatan tsufa, maganar ta shafe shi.

Katin ATM a aljihun wani

A banki ake fara cin karo da matsalar. A ɗauki misalin tsohon malamin makaranta da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar, fanshonsa na shiga asusu duk wata, iyali na buƙatar kuɗin magani. Mutane da yawa sun ɗauka wanda aka rubuta sunansa a gurbin makusanci lokacin buɗe asusu yana da ikon cire kuɗi. Ba shi da shi. Amfanin wannan suna shi ne banki ya san wanda zai tuntuɓa, shi ke nan. Takardar wakilci ta lauya ma ba lallai ta fisshe su ba, domin a tsarin dokar da Najeriya ta gada daga Ingila, wakilci na yau da kullum yakan faɗi ne da zarar wanda ya ba da shi ya rasa hankalinsa, wato a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa.

To me ake yi? Kowa ya sani. Ɗaya daga cikin 'ya'ya ya ɗauki katin ATM da lambar sirri da wayar tsohon, ya nufi mai POS na bakin layi. Sau da yawa kuɗin a kan mara lafiyan ake kashe su. Sau da yawa kuma rabi ne ke isa gida. Sauran 'ya'yan ba su ga saƙon banki ba, don wayar na aljihun mai katin. Ranar da katin ya daina aiki ko aka kira tantance 'yan fansho, sai a ciccibi mutumin da bai san inda kansa yake ba a kai shi ya dangwala yatsa. Iyalan da ba su san lambar sirrin ba kuwa sukan haƙura da kuɗin gaba ɗaya, asusun ya yi ta barci, alhali ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024 ta ce asusun da ya shekara 10 ba a taɓa shi ba za a mayar da kuɗinsa wani asusu na musamman a babban bankin har sai masu shi sun zo nema.

Na banki mai sauƙi ne idan aka kwatanta da gado. Uba ya rasu, an raba gida da gona da shanu, an fitar da rabon mai lalura kamar yadda shari'a ta ce, sai babban wa ya ce shi zai riƙe masa. Kowa ya ce madalla, a yi fatiha a watse. Shekara biyar, gonar ta shiga cikin gonar wan. Shekara goma, an yanka ta fuloti-fuloti an sayar saboda gari ya iso wurin. Mai rabon yana ɗakin zaure da riga ɗaya, in ya yi magana a ce ciwon ne ya motsa. Wan ya rasu, 'ya'yansa su gaje komai, su ɗauki baffan nasu a matsayin nauyin da aka bar musu, ba su ma san da dukiyarsa aka yi musu kuɗin makaranta ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma a nan ana cin ladan ne babu mai tambayar askin.

Idan mace ce abin ya fi muni. Akan aurar da ita ga wanda bai dace ba don a rabu da nauyinta, ko a wayi gari da ciki a jikinta ba a san mai shi ba, a rufe maganar don gudun abin kunya.

Sannan ga tsarewa. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300, manya da yara, daga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, daga nan aka bi da samame a Daura da wasu garuruwa. Ba duka ne masu taɓin hankali ba, amma manyan da ke cikinsu akasari dangi ne suka kai su, babu umarnin kotu, babu ranar fita. A watan Nuwamban shekarar ƙungiyar kare haƙƙin bil'adama ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto bayan ta ziyarci wurare 28 da ake ajiye masu lalurar ƙwaƙwalwa a Najeriya, na gwamnati da na addini da na masu maganin gargajiya, ta ce kusan a dukkansu ta tarar da mutane a ɗaure. A watan Agustan 2020 kuma aka ga bidiyon wani mutum ɗan kimanin shekara 30 da aka ciro daga garejin gidansu a Kano bayan shekaru a kulle, ƙashi da fata, ko tsayuwa ba ya iyawa. Jama'a sun yi Allah wadai na mako guda. Abin da ba a tsaya an tambaya ba shi ne, wa ya ba wani ikon kulle babban mutum, kuma a gaban wa zai yi bayani?

Abin da littattafan alƙalai suka ce

Wani zai ɗauka wannan magana ce ta Turawa da ake son shigo da ita. Ko kusa. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Arewa ke hukunci da shi, yana da babi sukutum a kan wannan al'amari, shi ne babin hajaru, wato hana mutum tasarrufi da dukiyarsa don kare shi. Yana nan a Muhtasar na Shehu Halilu da sharhohinsa, littattafan da duk alƙalin da ya amsa sunansa ya karanta. Asalinsa kuma daga Alƙur'ani ne: aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a damƙa dukiya ga wanda ba zai iya tattalinta ba, ta kuma yi umarni a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a yi masa magana mai daɗi. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, ayar bashi, ta ɗora wa waliyyi yin shifta da adalci a madadin wanda ba zai iya ba.

Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne jerin waɗanda mazhabar ta ba ikon riƙon dukiya. Uba ne farko, sai wasiyyin da uban ya naɗa, sai alƙali ko wanda alƙalin ya wakilta. Babban wa ba ya cikin jerin. Baffa ba ya ciki, kaka ma ba ya ciki, sai in uban ya yi musu wasiyya ko alƙali ya naɗa su. Malamai sun yi sassauci ga mai riƙo a kan ƙananan abubuwa na yau da gobe, amma ba sayar da gona ba. Idan kuwa mutum ya balaga da hankalinsa, daga baya ciwon ya same shi, to al'amarinsa na hannun alƙali ne kai tsaye, in babu alƙali sai jama'ar Musulmi. Ke nan abin da aka saba yi a gidaje, inda wa ke naɗa kansa a zaman makoki, ba shi ne abin da ke rubuce ba.

Malaman ba su tsaya nan ba. Sun gindaya sharuɗɗa kafin alƙali da kansa ya sayar da gida ko gonar wanda ake riƙo: a tabbatar mallakarsa ce, a tabbatar sayar da ita ce mafita mafi dacewa, a tallata ta a nemi wanda zai fi saye da daraja, farashin kuma ya zama na gaskiya. Sun ce wasiyyin da ha'inci ya bayyana a kansa a tsige shi. Sun yarda mace ta zama wasiyyiya. Sun ce hajarun mai taɓin hankali yana ƙarewa ne da zarar ya warke, ba sai ranar da mai riƙo ya ga dama ba. Shi kuwa safihi, wato mai ɓarnar dukiya, kuɗinsa kawai aka tsare, kuma ko a nan an bar masa ɗan abin da zai kashe na cefanen yau da gobe. Ɗaruruwan shekaru ke nan da aka rubuta waɗannan ƙa'idoji.

Darasin da ke nan ga iyaye a fili yake. Uban da ke da ɗa mai irin wannan lalura yana da damar da babu wanda ke da ita: ya zaɓi wasiyyi tun yana da rai, ya rubuta, ya kafa shaidu, ya lissafa abin da ke na yaron. Idan ya ga 'yarsa ce ta fi tausayi da riƙon amana, babu abin da ya hana ya naɗa ta. Da yawa ba sa yi saboda ana ganin wasiyya kamar kiran mutuwa ce, ko kuma don gudun ɓata wa babban ɗa rai.

Tsarin mulkin ƙasa ma bai bar wurin a buɗe ba. Sashe na 277 na kundin 1999, wanda ya zayyana hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, ya ambaci batun yaro da mai almubazzaranci da wanda hankalinsa ya taɓu, ya kuma ambaci ciyarwa da riƙon Musulmin da ke da rauni a jiki ko a ƙwaƙwalwa. Ƙofa tana nan, ba a bi ta cikinta ne kawai. Ga waɗanda ba Musulmi ba, hanyar ita ce babbar kotun jiha, inda kuɗin lauya da ɗage zama kan cinye abin da ake son tsarewa.

Me ya sa ba a zuwa? Rashin sani na ciki. Babban dalili kuwa shi ne a al'adance kai maganar gida kotu daidai yake da yanke zumunci. Ƙanwar da ta ga ana cinye rabon ɗan uwanta ta san ranar da ta taka ƙofar alƙali, ranar za a ce ta kai yayanta ƙara, ta tona asirin gida. Sai ta yi shiru ta riƙa aika masa tuwo.

Dokokin tarayya sun zo, amma da saura

Fiye da shekara 100 Najeriya ta yi tana aiki da dokar mahaukata ta Turawan mulkin mallaka, wadda aka fara a 1916 aka sabunta a 1958. Damuwar wannan doka ita ce yadda za a kawar da mutum daga idon jama'a, kuma a ƙarƙashinta an ajiye mutanen da ba su aikata laifin komai ba a gidajen yari. A watan Janairun 2023 aka samu sauyi, lokacin da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa. Ta amince da haƙƙoƙin masu lalurar, ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya da asusun tallafi, ta kuma sa ƙa'idoji a kan kwantar da mutum asibiti ba da son ransa ba. Ci gaba ne babba a takarda. A ƙauyen da asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa ke da nisan tafiyar yini, ba a ji ɗuriyarta ba tukuna.

Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta fi mayar da hankali ne ga hanyoyin shiga gine-gine da ababen hawa da ilimi da guraben aiki kashi 5 cikin 100 a ma'aikatun gwamnati. Duk abubuwa ne masu muhimmanci, amma na waɗanda za su iya fitowa su nemi haƙƙinsu da bakinsu ne. Mutumin da ke ɗakin zaure ba ya zuwa taron ƙungiya, ba ya kiran gidan rediyo, ba ya rubutu a Facebook. Hatta a cikin masu buƙata ta musamman, shi ne na ƙarshen layi.

Kada a gudu daga wuta a faɗa rami

Duk da haka akwai hatsari a ɗaya gefen, kuma ƙasashen da suka riga Najeriya kafa tsarin riƙo sun ɗanɗana shi. A Amurka, wata kotu a jihar Kalifoniya ta sa mawaƙiya Britney Spears ƙarƙashin riƙon mahaifinta a 2008. Shekara 13 ta yi a haka, tana fitar da waƙoƙi tana tara miliyoyin daloli, amma ba ta da iko da kuɗinta. A 2021 ta shaida wa kotu cewa hatta shawarar haihuwa an fitar daga hannunta, kuma sai a watan Nuwamban shekarar aka kawo ƙarshen riƙon. Wannan mai kuɗi da suna da miliyoyin masoya ke nan. Takardar kotu da ta miƙa wa mutum ɗaya komai, ba tare da ranar sake dubawa ta gaskiya ba, tana iya zama mari da hatimin hukuma.

Shi ya sa Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Masu Naƙasa ta 2006, wadda Najeriya ta tabbatar da amincewa da ita a 2010, ta dage a sashe na 12 cewa mai naƙasa cikakken mutum ne a gaban doka, kuma abin da ya kamata shi ne a taimaka masa ya yanke shawararsa. Ƙasashe irin su Peru a 2018 da Kolombiya a 2019 sun gyara dokokinsu a kan wannan turba, suka daina ƙwace wa mutum ikonsa don kawai yana da naƙasa. Manufar daidai ce. Amma gaskiya ita ce akwai wanda ko sunansa ba ya iya faɗa, kuma dole wani ya yanke shawarar tiyatarsa da hayar gidansa. Tunda dole ne, gara a yi ta a idon hukuma.

Ingila ta bi tsaka-tsaki da dokarta ta 2005. Ana ɗaukar kowa mai hankali ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma yin zaɓin da wasu ke gani wauta ce ba hujja ba ce ta rashin hankali. Ana auna iyawar mutum ne a kan kowace shawara daban: wanda ba zai iya sayar da gida ba yana iya zaɓar inda zai zauna da wanda zai zauna da shi. Wanda kotu ta naɗa mai riƙo yana kai rahoto duk shekara ga wani ofishin gwamnati da ke sa ido a kansa.

Misalin da ya fi kusa da halin Najeriya shi ne na Indiya, ƙasa mai yawan jama'a da talauci da dogaro da dangi. Dokarta ta 1999 ta kafa kwamitin mutum uku a matakin gunduma: babban jami'in gwamnati, da wakilin wata ƙungiya mai rajista, da mutum ɗaya mai naƙasa. Iyali na kai buƙatarsu gaban kwamitin ba sai da lauya ba. Wanda aka naɗa zai kawo jerin kadarorin wanda yake riƙo cikin wata shida, sannan ya kawo lissafi duk shekara, kuma ana iya tsige shi in ya ci amana ko ya yi sakaci.

A fara daga rabon gado

Jihohin Arewa ba sa buƙatar jiran Abuja ko wata sabuwar hukuma mai ofisoshi da motoci. Akwai lokaci ɗaya da iyali ke zuwa gaban alƙali da ƙafarsu ba tare da an ce sun kai juna ƙara ba, shi ne rabon gado. Alƙalin alƙalan shari'ar Musulunci na kowace jiha na iya fitar da umarnin aiki ga kotunan da ke ƙarƙashinsa cewa duk rabon da aka samu magajin da ba zai iya riƙe rabonsa ba, ba za a rufe fayil ba sai an naɗa mai riƙo da sunansa, an rubuta iyakar gona da lambar shago da adadin dabbobi, an sa ranar da zai dawo da lissafi. Babban jojin jiha na iya yin irin wannan ga kotunan da ke hannunsa, da takardar cikewa mai sauƙi da kuɗin rajista kaɗan. Idan abin ya zama ƙa'ida a kan kowa, babu wan da zai ce an zarge shi.

Kuma kafin alƙali ya sa hannu, ya ga mutumin da idonsa. In ba zai iya zuwa ba, kotu ta tura a gan shi a inda yake kwana, a tambaye shi wa yake so ya riƙe shi. Sau da yawa wanda ake cewa bai san komai ba ya san sarai wanda ke dukansa da wanda ke ba shi abinci. Umarnin ya taƙaita ga abin da ya gagare shi kawai, a bar masa sauran, a kuma sa wa'adin sake dubawa, domin akwai masu warkewa. A lura kuma da wani abu da aka saba gani a gidaje: mace ke jinya, namiji ke riƙe da dukiya. Babu dalilin da zai hana a haɗa wa mai jinyar duka biyun in ta cancanta, ko aƙalla a yanka mata abin da za a riƙa ba ta duk wata daga dukiyar.

Masu riƙo na gari su ne za su fi cin moriyar wannan tsari. An sha ganin wanda ya shekara 20 yana ɗawainiya da ɗan uwansa, ranar da ya rasu sai dangin da ko sannu ba su taɓa zuwa yi ba su taso da tambayar ina kuɗin wane. Littafin lissafi da hatimin kotu ne zai wanke shi. Shari'a ma ta halatta wa mai riƙon dukiyar maraya in matalauci ne ya ci gwargwadon buƙata, don haka babu abin kunya a rubuta ladan ɗawainiya a fili maimakon a riƙa ɗiba a ɓoye.

Babban Bankin Najeriya da hukumomin fansho na da nasu aikin. Ana buƙatar ƙa'ida guda da kowane reshen banki zai sani: idan aka kawo umarnin kotu, a buɗe wa mai riƙo hanyar sarrafa asusun da iyakar abin da zai iya cirewa a wata, saƙon cire kuɗi kuma ya riƙa zuwa wayar mutum na biyu a cikin dangi. Na'urorin da ke bin BVN da NIN ɗin kowa ba za su gaza wannan ba.

Inda za a sha wuya shi ne tantancewar likita. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta ƙasa ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, kuma ƙaura zuwa ƙasashen waje na ƙara rage su. Idan aka ce kowa sai ya kawo takarda daga Barnawa ko Dawanau ko Kware ko Maiduguri, talaka ya fita daga tsarin tun kafin a fara. Mafita ita ce a horar da likitocin manyan asibitocin ƙananan hukumomi da ma'aikatan jinya masu ilimin ƙwaƙwalwa su riƙa yin gwajin farko, a bar masu sarƙaƙiya ga ƙwararru. Amma kada a yarda a naɗa mai riƙo da shaidar dangi kaɗai. In aka bar wannan kafa, gobe za a ga an kai tsoho mai hankalinsa an ce ya ruɗe don ya ƙi sayar da gida.

Saura waɗanda ba su da kowa, ko waɗanda danginsu ne matsalar. Ƙa'idar fiƙihu ita ce hukuma ce waliyyin wanda ba shi da waliyyi, kuma ma'aikatun shari'a na jihohi da dama suna da ofishin amintaccen gwamnati mai kula da dukiyar mamata da amanoni, wanda za a iya faɗaɗa aikinsa ya haɗa da rayayyu. Hukumomin zakka da wakafi irin na Sakkwato da Kano da Zamfara na iya ɗaukar nauyin ci da maganin waɗanda ba su da dukiya. Masu unguwanni da dagatai da limamai da fastoci sun san kowane gida da ake kulle da mutum a ciki, abin da suka rasa shi ne wurin da za su kai maganar a ɗauki mataki.

Abin da ake buƙata a kowace ƙaramar hukuma shi ne jami'in jin daɗin jama'a guda ɗaya da ke da littafin rajista da babur da kuɗin mai, wanda zai shiga gida sau biyu a shekara ya ga mutumin, ya duba ƙafarsa ko da tabon mari, ya kai wa alƙali rahoto. Jihar Kano na da ƙananan hukumomi 44. Albashin jami'ai 44 da babura 44 na shekaru masu yawa bai kai kuɗin gadar sama guda ɗaya ba.